Ruwan da Na Saki a Kan Albasar Mutane

Ni mutum ne mai mantuwa, matata za ta ba da shaida, don ko ranar aurenmu sai ta tuna mini. Amma akwai abu ɗaya da na san ba zan manta da shi ba har a sa ni a kabari, wato ranar da na saki ruwa a kan albasar mutane, wani kuma ya tsaya a gaban idona ya amsa laifin. Shekaru sun wuce, furfura ta fara fito mini, amma har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwa sai gabana ya faɗi.

Ni mutumin kudancin Kaduna ne, ɗan mai wa'azi. A coci na tashi, tun ina ƙarami babu labarin gicciye Almasihu da ban iya ba, in aka yi tambaya a makarantar Lahadi hannuna ne farko a sama. Na gama makarantar aikin gona, na yi aure, aiki ya ƙi samuwa. Ana nan sai wani ɗan cocinmu ya ce mini ƙungiyar manoman rani ta wani ƙauye tsakanin Goronyo da Wurno tana neman mutum na biyu da zai riƙa kula da ƙofar ruwa. Ban ma san inda Goronyo take ba, amma na kwashi matata muka taho, aka ba mu ɗaki a gidan ƙungiyar, nan bakin babbar magudanar ruwa.

Wanda na zo yin aiki a ƙarƙashinsa dattijo ne mutumin ƙasar Zuru, Kirista kamar ni. Kowa Baba yake ce masa, har tsofaffin da suka girme shi. Ya haura shekara ashirin a ƙauyen, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse wuraren neman abinci, shi kaɗai yake zaune. Mutanen garin Musulmi ne gaba ɗaya, amma ba a suna ko ɗaurin aure ba a kira shi ba. Da salla naman da ake aiko masa sai ya rasa inda zai sa, da Kirsimeti kuma shi ya dafa shinkafa ya raba gida-gida. Ranar Lahadi mukan hau tsohon babur ɗinsa mu tafi Goronyo sujada, a wani ɗan coci na kwano da ba ma cika bencinsa.

Aikin a baki ba shi da wuya. Ƙofar ta ƙarfe ce mai sitiyari a sama, ana ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. In ka juya sitiyarin ruwa ya shiga babbar magudana, daga nan ya rarrabu cikin ƙananan magudanai zuwa fangalin kowa, wato ɗan gurbin gonar da aka kewaye da kunya don ya riƙe ruwa. Sai dai akwai wata doka da manoman suka kafa tun bayan wani rikici da aka taɓa yi a kan satar ruwa: manomi ba ya taɓa bakin magudana da hannunsa, ko da tasa ce. Mai ƙofa kaɗai ke buɗewa, shi kaɗai ke toshewa. To ita albasa, in ta ƙosa lawashinta ya fara kwantawa, sai a yanke mata ruwa na wasu kwanaki kafin a cire ta, su suna cewa an yaye ta. In ruwa ya koma mata bayan yaye, ba za ta ajiyu a rudu ba, wato rumfar da suke adana ta, ruɓewa za ta yi. Don haka duk wanda ya yaye albasarsa sai ya kafa sanda a bakin magudanarsa ya ɗaura mata ganyen kaba. Mai ƙofa kuma, kafin ya taɓa sitiyari, sai ya taka da ƙafa tun daga farkon magudana har ƙarshenta, duk inda ya ga kaba ya toshe da katako da laka. Dokar tana da wutsiya: mai ƙofar da ya ɓata wa mutane amfani zai ajiye makulli, ya kuma bar gidan ƙungiya.

Baba bai taɓa fasa wannan tafiya ba, ko da gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da boko. Na sayi littafi na zana layuka, na rubuta sunan kowa da ranar da ya dasa, na lissafa ranar da ya kamata ya yaye. Na nuna wa Baba ina jiran yabo. Ya juya littafin sama da ƙasa, ya ce, "Rubutunka da kyau, ɗana. Amma takarda ba ta ganin kaba." Na yi dariya a gabansa, a zuciyata kuwa na ce tsoho ne kawai ba ya son ci gaba.

Ranar da abin ya faru, saura kwana goma bikinmu na Ista, zafi ya kai inda ya kai. An yi wa wani ɗan cocinmu rasuwa a Rabah, Baba ya shirya da sassafe zai tafi gaisuwa. Ya miƙo mini makullin, ya ce, "Yau gonakin layin yamma za a ba ruwa. Ka taka kafin ka buɗe." Na ce to. Ya kai bakin ƙofar gida ya waiwayo ya sake cewa, "Ka taka fa." Na ce, "Haba Baba, na ji."

Ban taka ba. Na buɗe littafina, na ga a lissafina babu wanda zai yaye a layin yamma sai bayan mako guda. Shekaranjiya ma na bi Baba mun taka, ba mu ga kaba ko ɗaya ba. Na dubi tsawon magudanar, na dubi rana, na ce wahalar banza. Na juya sitiyari, ruwa ya tafi, ni kuma na koma ƙarƙashin dogon yaro wajen mai shayi muna sauraron rediyo. Abin da ban sani ba shi ne zafin ya sa albasa ta ƙosa da wuri, mutum biyar sun kafa kaba tun jiya da yamma, kuma da yake ranar kasuwa ce duk sun tafi, babu kowa a fadama.

Sai bayan azahar wata mata da ta je yankan ciyawa ta dawo da gudu tana salati. Da na isa, na tarar fangali bayan fangali sun zama tafki, lawashi yana yawo a saman ruwa, ga sandunan kaba nan tsaye ƙiri-ƙiri, kowa zai gan su in dai ya zo. Wanda abin ya fi shafa wani dattijo ne da gonarsa ke can ƙarshe, gindin wata tsamiya, inda ruwa ke taruwa. Shi albasar nan ita ce duk nomansa na shekarar. Na koma na rufe ƙofar ruwan.

Abin da ya fara zuwa raina ba manoman ba ne, gaskiya ɗaya ce. Matata ce. Cikinta ya shiga wata takwas, ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta riga ta ce kada ta kuskura ta yi doguwar tafiya. In aka karɓe makulli aka ce mu bar gidan, ina zan kai ta? Ba mu da kowa a ƙasar nan, gida kuma tafiyar yini guda ce a mota.

Da la'asar Baba ya dawo. Ko gida bai shiga ba, ya naɗe wandonsa ya shiga laka yana fasa kunya don ruwan ya tsiyaye. Da ya zo kusa da ni ya ce a hankali, "Ka taka?" Na ce, "Ban taka ba, Baba." Ya ce, "To." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi jin sauƙi.

Kashegari da hantsi aka taru a ƙofar gidan maigari. Manoma sun zauna a kan tabarmi, babu mai hayaniya, amma fuskokin sun isa. Dattijon gindin tsamiya yana gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Maigari ya dubi Baba ya ce, "Mai ƙohwa, ka san dokag ga, tare munka aza ta. Wa ab buɗe ruwa jiya?"

Baba ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, makullin nan ni aka ba amana. Duk abin da ya yi, ni na yi. Kada a nemi kowa."

Maigari ya ce, "Ba shi nit tambaye ka ba."

Baba ya ce, "Na ji tambayar, ranka shi daɗe. Amsata ke nan."

Ina tsaye a bayansa, ina ganin ƙeyarsa da laka ta bushe a kai. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Kuma bari in faɗi abin da ya fi ba ni kunya: a wannan lokacin wani sanyi na ji a zuciyata, sanyin wanda ya tsira. Ni ɗan mai wa'azi, mai ɗaga hannu a makarantar Lahadi, na bar tsoho ya sha abin da na dama.

Maigari ya ce doka doka ce, ba don ransa ya so ba. Baba ya roƙi a bar shi ya yi Ista, aka yarda. Sannan ya ce yana da ɗan fangalinsa na albasa a tudu wanda ruwan bai taɓa ba, ya ba dattijon gindin tsamiya duka. Dattijon ya ce ba zai karɓa ba, Baba ya ce ai ba tambayarsa ya yi ba. Aka juyo gare ni, tun da ni ne na biyu, aka miƙo mini makullin. Na karɓa da hannu biyu, mutane na ce mini Allah shi taya ni riƙo.

Kwanakin da suka biyo baya Baba yana cikin laka tare da manoman, suna tono albasar da za ta ceto, suna shanya ta a inuwa don a kai kasuwa da gaggawa kafin ta lalace. Ni ma na shiga, amma nakan zaɓi fangalin da ya fi nisa da shi. A gida matata tana ta kuka saboda Baba, tana cewa yaya mutum mai kula irinsa zai yi wannan kuskure, tsufa ne halan. Na ce mata haka ne, tsufa ne. Abinci ya daina shiga, ta zaci nauyin sabon aiki ne.

Ranar Jumma'ar da muke tunawa da gicciye Almasihu muka tafi Goronyo, ni da Baba a kan babur. Fasto ya yi wa'azin da na ji sau ba adadi, a kan marar laifi da ya tsaya a wurin masu laifi bai buɗe baki ya kare kansa ba. A da in ana wannan wa'azi har nakan riga fasto ƙarasa jimla a zuciyata. Ran nan kuwa ji na yi kamar ni kaɗai ake wa magana, zufa ta jiƙa mini riga. Da aka zo Jibin Ubangiji, wato rabon gurasar tunawa da Almasihu, faranti ya iso gabana, sai na kau da kai na bar shi ya wuce. Baba yana kusa da ni. Ya tsayar da farantin, ya ɗauki gutsuren gurasa ya sa a tafin hannuna ya rufe da nasa, ya ce a kunnena, "Karɓi. Ba don masu tsabta aka yi shi ba." Nan na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, matan coci suna ta kallona suna tsammanin wa'azi ne ya ratsa ni.

Bayan an tashi muka tsaya a inuwa wajen babur. Na ce, "Baba, me ya sa ka yi haka?"

Ya ce, "Matarka wata takwas. Ni kuwa jakata ɗaya ce."

Na ce, "Amma ba laifinka ba ne."

Ya dube ni ya ce, "Shi wanda muka zo tunawa da shi yau, laifinsa ne?" Ya ɗan yi murmushi, ya ci gaba, "Kada ka ɗauka ina gwada kaina da shi, ni wa? Shekara da shekaru ina cin alherinsa ina cewa na gode da baki. Sau ɗaya dai aka ba ni dama in yi ɗan kaɗan, ka ga zan bari ta wuce?"

Na ce bari in je wurin maigari in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ba ni zan hana ka ba, ba ni kuma zan sa ka ba. Amma in za ka je, kada ka je don ka maido mini da aiki, wannan na riga na bayar, ba na karɓa. Ka je don ranka, ranar da ka shirya. Yanzu dai hau mu tafi, kafin rana ta gasa mu."

Bayan Ista da kwana ɗaya ya tafi. Rabin garin ya fito rakiya, aka ɗaure babur ɗinsa a saman mota, mata suna cusa masa ƙullin gero da daddawa ta taga. Ni na ɗauki jakar tasa na sa a mota, ba ta da wani nauyi. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaida mai jego in ta sauka.

Ta sauka lafiya bayan makonni kaɗan, a ɗakinmu, matan garin ne suka tsaya mata har ta yi arba'in. Muka sami 'ya mace. Ni kuma na zama mai ƙofar da ba a taɓa yi ba wajen takawa, ko ba ranar ruwa ba sai na bi magudana daga farko har ƙarshe. Amma in na hango dattijon gindin tsamiya sai in sauya hanya. Na yi watanni a haka, ina cin abinci a gidan da ba nawa ba ne, ina amsa gaisuwar da ba tawa ba ce.

Da damina ta wuce aka fara shirin sabon dashe, na kasa jurewa. Na fara faɗa wa matata. Tana jijjiga jaririya ta ce, "Ni na zagi tsufan bawan Allahn nan a banza. Tashi ka je, in korarmu za a yi yanzu ina iya tafiya."

Na sami dattijon gindin tsamiya a gonarsa yana gyaran fangali. Na durƙusa a cikin ƙasa na ce, "Malam, ruwan da ya ci albasarka bara, ni na sake shi. Ba tsohon mai ƙofa ba ne. Ƙyuya ce ta hana ni takawa."

Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni, sai na ga yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Sai yau? Ai ran nan mota guda munka shiga da shi har Wurno, ni za ni kasuwa, shi za shi Rabah. Dut garin ga babu wanda bai san wa ab buɗe ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni a tsorona ban taɓa tunanin cewa mutum ba ya barin ƙauye a ranar kasuwa ba a gan shi ba. Na ce, "To me ya sa kuka bari aka kore shi?"

Ya ce, "Tun da sahe, kahin a taru, yat tahi gidan maigari. Ya ce doka ta ce mai ƙohwa shi tahi, ba ta ce wane ba, to shi za shi tahi. Munka yi ta ba shi baki, ya ƙiya. Mutum shi kawo kainai haka don wani, mu mu kunyata shi cikin taro? Sai munka ce a bar ka, mu gani ko abin da yay yi za shi kama ka." Ya ƙara da cewa, "Muna ganin ka kullum kana tahiya bakin ruwa. Wagga guda ɗai ta rage muna jira. Na yahe maka, tashi, ka ɓata wandonka."

Daga nan na wuce gidan maigari, shi ma abin da ya ce bai wuce haka ba, ya ƙara da cewa an riga an yi hukunci, ba a yin biyu a kan laifi ɗaya. Da yamma na kira Baba a waya na faɗa masa duka, ina magana ina shessheƙa. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, madalla." Sai ya tambaye ni ko iri ya yi kyau bana. Bai ƙara shekara uku a duniya ba bayan wannan.

Na tashi ina jin kalmar fansa tun ban san damana da haguna ba, ina tsammanin na fahimce ta don na iya bayaninta. Ashe ba a fahimtarta sai ka tsaya a bayan wani da bakinka a rufe, ka ga an ɗora masa abin da yake naka, ya ɗauka bai waiwayo ba. Abin da na koya shi ne, duk wanda aka yafe wa, akwai wanda ya sha wuyar yafewar, kuma ba za ka iya mayar masa ba ko ka so. Abin da ya rage maka kawai shi ne ka daina ɓuya, ka gyara, kuma ranar da ka ga wani ya rasa mai tsaya masa, kada ka tsaya tambayar ko ya cancanta, don kai ma ba a tambaya ba.